Tambayoyinku kan Lafiya: Gidan Saukar Baƙi a Lokacin Annoba

Tun da hunturun 2021 ya kama aka kuma shiga kakar bukukuwan aure, yawancin wasiƙun da ke zuwa wannan fili sun karkata ne ga gidajen nan da ake zuba wa kaya a bayar da su haya na kwana biyu ko mako guda, waɗanda suka yawaita a unguwannin Katsina da Daura. Ga shi kuma a ranar 1 ga Disamban 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta sanar da cewa an samu nau'in Omicron na cutar korona a Najeriya, kwanaki kaɗan bayan an fara ba da rahotonsa daga Afirka ta Kudu. Mun zaɓo wasiƙu shida, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Malam, ina da gida mai ɗaki uku a wajen Ƙofar Ƙaura da nake bai wa baƙi, galibi 'yan biki da iyayen ɗaliban jami'a. Sau da yawa wasu kan fita da safe, wasu su shigo da la'asar. Yaya ya kamata a gyara gidan tsakanin baƙo da baƙo, kuma da me? Daga wata Hajiya a Katsina.

AMSA: Hajiya, kafin mu zo kan abin da za a goge gida da shi, maganar da ta fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki ita ce ta fitar wasu da safe da shigowar wasu da la'asar. Korona cuta ce da ke bin iska. Mai ɗauke da ita yana fitar da ƙwayoyinta ta numfashi da magana da tari, manyan ɗigon su faɗi kusa da shi, ƙananan kuwa su yi ta shawagi a ɗakin da aka rufe har tsawon sa'o'i. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a watan Maris na 2020 ya nuna cewa a ɗakin gwaji ƙwayar kan kai sa'o'i 72 a kan roba da ƙarfen da ba ya tsatsa, da sa'o'i 24 a kan kwali, kuma shi ne ya sa duniya ta dukufa goge ledar cefane da hannun ƙofa. Da aka ci gaba da bin diddigin waɗanda suka kamu, sai aka ga mafi yawansu shaƙar ta suka yi, har hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana a watan Afrilun 2021 cewa haɗarin kamuwa ta hanyar taɓa wurin da ƙwayar ta sauka bai kai 1 cikin 10,000 ba a kowace taɓawa.

Saboda haka abin da gidanki ya fi bukata shi ne tazara da iska. Kamfanin Airbnb, wanda ya fi kowa suna a wannan sana'a a duniya, ya fito da tsarinsa a watan Afrilun 2020, inda ya ce mai gidan da ke bin ƙa'idar tsabtacewarsu ya bar sa'o'i 24 tsakanin baƙo da baƙo, wanda ba zai iya bi ba kuwa ya bar gidan babu kowa sa'o'i 72. Na san kwana guda ba tare da baƙo ba asara ce a watan Disamba, lokacin da dillalai ke buga miki waya ba dare ba rana, amma a ganina shi ne kuɗi mafi amfani da za ki rasa. Idan abin ya faskara, to da zarar baƙi sun fita a buɗe kowace taga da ƙofa, a ɗage labule, a kunna fanka, sannan a fita a bar gidan wuni guda yana shan iska, sababbin baƙi su shigo bayan isha'i maimakon la'asar. Tagogi biyu masu fuskantar juna sun fi tagogi huɗu a bango ɗaya, domin iska tana son mashiga da mafita.

Bayan nan sai aikin hannu, kuma mataki biyu ne da ba a haɗa su wuri guda. Da farko a wanke da omo da ruwa, saboda maiƙo da ƙura suna kashe ƙarfin bilic kafin ya kai ga ƙwayar cuta. Sannan a bi da ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai. Ki duba jikin robar da kika saya. Idan an rubuta kashi 3.5 cikin 100, kamar yadda yake a jikin Jik, to awo ɗaya na bilic ake zubawa a awo 34 na ruwa, wato kimanin cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya, lita ɗaya kuwa ita ce ruwan leda guda biyu. Idan an rubuta kashi 5, awo ɗaya ne a awo 49. A jiƙa tsumma a goge, a bar wurin da danshi aƙalla minti ɗaya kafin a tsane shi. Haɗin jiya ba ya aiki yau, musamman idan ya kwana a buɗe ko rana ta doke shi, don haka kullum a haɗa sabo daidai bukata. Inda aka yi amai ko gudawa ko jini ya zuba, ƙarfin da ake so kashi 0.5 ne, wato awo ɗaya na bilic mai kashi 3.5 a awo 6 na ruwa.

Wuraren da za a bi su ne waɗanda hannu ke yawan sauka a kai: hannun ƙofa da sakata, makunnin fitila, kan famfo, marfin firiji, hannun kujera da makullin gida. Rimot da makamantansa a goge su da auduga da sifirit mai ƙarfin kashi 70, domin bilic yana cin ƙarfe yana ɓata kayan wuta. Akwai kuma abu biyu da takardun ƙasashen waje ba su san da su ba, alhali a gidajenmu sun fi kowane abu wucewa daga hannu zuwa hannu. Na farko buta. Mutum zai ɗauke ta ya shiga banɗaki, ya fito ya ajiye a bakin rariya, wani ya ɗauka ya yi alwala, ya kuskure baki ya shaƙa ruwa a hanci da hannun da ya riƙe mariƙinta. A wanke kowace buta ciki da waje, a kife ta ta bushe, kuma a ware ta banɗaki da ta alwala da launi daban. Na biyu darduma, wadda goshi da hanci ke sauka a wuri ɗaya a kanta sau da yawa a wuni. Ki tanadi saiti biyu, ɗaya yana gida ɗaya yana wanki.

Zanin gado da rigar filo da tawul a wanke su da omo da ruwan zafi da ya kai maki 60 a ma'aunin Salshiyas. Inda ba a samu ba, fararen kaya a jiƙa su minti 30 a ruwan bilic mai rabin ƙarfin na goge-goge, a ɗauraye, a shanya a rana su bushe ƙayau. Katifa da filo a fitar da su tsakar gida su sha rana kamar yadda iyayenmu ke yi. Tulin filon ado da kafet mai kauri da labule mai hawa uku kuwa, ki kwashe su ki adana har annoba ta lafa, domin duk abin da ba za a iya wankewa cikin wuni ɗaya ba bai dace da gidan da baƙi ke sauyawa ba.

TAMBAYA: Akwai wani yaro da ke zuwa da injin feshi a goye duk lokacin da baƙi suka tashi daga gidana. Yakan feshe ko'ina har katifa, ya ba ni takardar shaida in liƙa a ƙofa, baƙi kuma suna jin daɗin ganinta. Shin wannan ya wadatar? Daga wani Alhaji a GRA, Katsina.

AMSA: Alhaji, bai wadatar ba, kuma yana iya zama shi ne abin da ya fi haɗari a gidan. Tun a watan Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani cewa ba ta goyon bayan fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin ɗakuna saboda korona, domin feshi ba ya cire dattin da ƙwayar ke fakewa a ciki, ba ya kaiwa ƙasan mariƙi da lungu, yana kuma jawo ƙaiƙayin ido da fata da sarƙewar numfashi. Ta kuma yi hani da fesa wa mutane a jiki ko ta halin ƙaƙa. Tsumma a hannu ya fi injin a baya.

Tambayar da zan so ka yi wa yaron nan ita ce me yake zubawa a tankin, kuma ya nuna maka robar da idonka. Da yawa daga masu wannan aiki asalinsu masu feshin sauro da kyankyaso ne, da annoba ta zo sai suka sauya sunan sana'ar ba su sauya maganin ba. Maganin ƙwari irin su fiya-fiya guba ce da ke kama jijiyoyi, ba ta yi wa ƙwayar korona komai, amma idan aka fesa ta a katifa, aka rufe tagogi, jariri ya kwana a kai, abin da zai biyo baya sai dai a yi addu'a. Haka ƙwayar nan da ake sa wa hatsi a rumbu, wadda wasu ke ajiyewa a ɗaki don kashe kuɗin cizo, iskar da take fitarwa tana kisa. Idan kana da matsalar ƙwari, ka nemi ƙwararre mai rajista, a yi aikin ranar da babu baƙo, a kuma bi adadin sa'o'in da aka rubuta a jikin maganin.

Na fahimci abin da takardar nan ke yi maka, wato kwantar da hankalin mai biyan kuɗi. Mutanenmu sun saba auna tsabta da hanci, in an shiga gida aka ji warin magani ko ƙamshin turaren wuta sai a ce madalla. Za ka iya kwantar masa da hankali da abin da yake gaskiya: ka rubuta ranar da baƙon baya ya fita da sa'ar da aka buɗe tagogi, ka ajiye sabulu sabo a ledarsa a kowane banɗaki, da bokiti mai famfo a bakin ƙofa. Kuɗin feshi ɗaya zai saya maka waɗannan har da canji.

TAMBAYA: Ni mai aikin shara da wanke-wanke ce a gidaje uku na baƙi, da shi nake ciyar da marayuna. Kwana biyun nan hannuwana sun tsattsage, idona yana zafi, kuma in na wanke banɗaki sai tari ya turnuƙe ni. Nakan haɗa bilic ɗin Hypo da maganin wanke masai don ya fi fita. Ko korona ce ta kama ni? Daga wata baiwar Allah a Sabuwar Unguwa.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya sa wa neman albarka ya raya marayu. Ki daina wannan haɗin daga yau. Yawancin magungunan wanke masai suna da asid a ciki, kuma idan asid ya haɗu da bilic sai su fitar da iskar kulorin, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Ki tuna yadda abin ke faruwa: kin shiga banɗaki kin turo ƙofa, kin tsiyaya wannan kin bi da wancan, kin sunkuya da burushi fuskarki a saitin masai, sai wani wari mai yaji ya daki hancinki, hawaye ya zubo, tari ya sarƙe ki. Wannan guba kike shaƙa, a ɗaki mafi ƙanƙanta kuma mafi ƙarancin iska a gidan. Bilic da ruwan sanyi kaɗai ake haɗa shi, ba da ruwan zafi ba, ba da Dettol ko Izal ba. Idan za ki yi amfani da maganin masai, ki yi shi kaɗai, ki kora ruwa sosai, sannan bilic ya biyo baya, ƙofa da taga a buɗe. Idan tarin bai tsaya ba bayan kin daina, ko zazzaɓi ya zo, ko kika daina jin ƙamshi da ɗanɗano, ki je asibiti a duba ki a yi miki gwaji.

Ki sani cewa a duk masu hulɗa da gidan nan, ke ce kika fi kowa kusa da haɗari, domin ke ce mai fara shiga ɗakin da baƙo ya kwana yana numfashi a rufe. Ki sa takunkumi tun daga ƙofa, ki buɗe tagogi, ki fita ki yi aikin tsakar gida tukuna. In kin dawo cire zanin gado, kada ki kaɗe shi, ki naɗe shi daga gefe zuwa tsakiya ki sa a buhu ba tare da kin rungume shi a ƙirji ba. Shara a wannan hunturu a yayyafa ruwa kafin a yi ta, ko a yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma. Shara ta banɗaki da tolifefa da takunkumin da aka yar a ƙulle bakin ledarsu kafin a ɗaga. Safar hannu ta roba mai kauri ita ce maganin tsagewar nan, kuma bayan kin cire ta ki wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 aƙalla, ki shafa man kaɗanya. Allurar rigakafin korona ta iso ƙasar nan ranar 2 ga Maris na 2021, kyauta aka riƙa yin ta a asibitocin sha-ka-tafi, kuma irinki ya kamata su riga kowa.

Sauran maganar ta iyayen gidanki ce, ina fata za su karanta. Safar hannu da takunkumi da takalmin roba kayan aiki ne, nauyinsu yana kan mai gida kamar yadda tsintsiya da omo suke. Kuma duk mai gidan da ke yanke wa mai aiki kuɗin ranar da ta kwanta rashin lafiya, ya sani cewa ya koya mata ta zo aiki da zazzaɓinta ta yi shiru, ta gyara gadon da baƙonsa zai kwanta.

TAMBAYA: Daga Abuja za mu zo Daura ɗaurin auren ƙanena, mun kama gida mai ɗaki huɗu na kwana biyar ta hannun dillali. Da mahaifiyarmu za mu zo, ta haura shekara 70 kuma tana da ciwon suga. Me zan tambaya kafin in biya, me kuma za mu kiyaye? Daga wani matashi ma'aikacin gwamnati.

AMSA: Ɗana, Allah ya sanya alheri ya ba Hajiya lafiya. Mutanen Daura ba sa bukatar a ba su labarin wannan cuta, domin a garin aka fara tabbatar da ita a Jihar Katsina a watan Afrilun 2020, bayan rasuwar wani likita, gwamnatin Aminu Bello Masari kuma ta kulle garin. Saboda haka babu mai ganin baikenka idan ka yi tambaya. Ka tambayi dillali yaushe baƙin baya za su fita, ka ce ya ɗauko maka bidiyon tagogin kowane ɗaki a buɗe, domin akwai sababbin gine-gine da tagarsu ta ado ce, wata an liƙe ta saboda na'urar sanyaya ɗaki. Ka tambayi banɗaki nawa ne, ruwa daga ina yake zuwa, kuma za a mayar maka da kafin alƙalaminka idan wani cikinku ya kwanta kafin tafiya. Ku taho da zannuwan gado da tawul da dardumar Hajiya da butarta, kayan ba su da nauyi a mota.

Amma in faɗa maka gaskiya, gidan da za ku tarar ba shi ne abin tsoro ba, gidan da za ku mayar da shi ne. Kowa ya san yadda ake yi: a kama gida da sunan mutum takwas, daren kamu ya yi a tarar da mata talatin a falo, tabarma har bakin kicin, tagogi a rufe saboda sanyi, ana hira da guɗa har tsakar dare. Idan mutum ɗaya cikinsu yana ɗauke da cutar, ko da bai ji komai a jikinsa ba, babu bilic ɗin da zai yi amfani a wannan dare. Mai cutar yakan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin alamu su bayyana, alamun kuma kan ɗauki kwana 2 zuwa 14, wato sai kowa ya koma garinsu ake fara jin wane ya kwanta.

Hana dangi shigowa ba abu ne mai yiwuwa ba, ba kuma zan ce ka yi abin da zai ɓata zumunci ba. Abin da za ka iya shi ne ka karkatar da taron waje. A kafa rumfa a tsakar gida ko ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi, a kai abinci da shayi can, domin inda abinci yake nan mutane ke zama. Hajiya a ba ta ɗaki mafi iska mai banɗakinsa, mutum ɗaya ya riƙa kwana da ita, masu gaisuwa su same ta a inuwar tsakar gida da hantsi, tana sanye da takunkumi, a gaisa daga ɗan nesa. Jikoki su ne masu wuyar tsarewa, ka ɗora wa wata gwaggo mai faɗa a ji wannan aiki. Idan Hajiya ba ta kammala allurarta ta rigakafin korona ba, a yi yanzu, domin jiki yana bukatar kimanin mako biyu kafin ta kama sosai. Wanda kuma ya tashi da zazzaɓi ko tari ranar tafiya ya haƙura ya zauna, ya aiko da gudummawarsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa, kuma hikimar hanin ita ce kada mutum ya zama sanadin kai cuta inda babu ita.

Kada kuma korona ta mantar da ku ruwa. A shekarar 2021 waɗanda ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Najeriya sun haura 100,000, Katsina tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ruwan sha ya zama tafasasshe ko na roba mai lambar NAFDAC, randa ta kasance da marfi da moɗa mai dogon mariƙi da ba a sha da ita, wanke hannu kafin cin abinci kuma a zuba wa kowa ruwa daga buta da sabulu, a bar al'adar zagayawa da kwano ɗaya kowa ya tsoma.

TAMBAYA: Ni ke kula da wani gidan baƙi a Daura, mai shi yana Kaduna. Baƙon da ke ciki ya kwana biyu da zazzaɓi da tari, ya ce ba ya jin ƙamshin komai. Kwanakinsa sun ƙare jibi, wasu sun riga sun biya, maƙwabta kuma suna cewa in fitar da shi. Yaya zan yi? Daga wani Malam mai kula da gida.

AMSA: Malam, kada ka fitar da shi. Baya ga cewa baƙo amana ne, mutumin da ka kora da zazzaɓi tasha zai nufa, ya shiga mota da mutum goma tagogi a rufe har Kano ko Kaduna, ka ga cutar da ke ɗaki ɗaya ta zama ta gari uku. Ka kira lambar NCDC ta kyauta, 6232, ko ka sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, su za su shirya gwaji su faɗi inda ya dace ya zauna. A yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro ma, domin ba kowane zazzaɓi ne korona ba, kuma ana iya samun biyun tare.

Kafin sakamako ya fito, ya zauna a ɗaki ɗaya mai banɗakinsa, tagarsa a buɗe, ƙofar da ke kallon falo a rufe. Abinci a ajiye masa a bakin ƙofa a kwanonsa da kofinsa na kansa, mutum ɗaya ya riƙa hidimar, wanda ba tsoho ba kuma ba mai ciwon suga ko hawan jini ko asma ba, kuma duka biyun su sa takunkumi idan za su yi magana. Ka riƙa kiransa a waya safe da yamma, ka saurari muryarsa. Idan ya kasa ƙarasa jimla ba tare da ya tsaya ya ja numfashi ba, ko ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ko maganarsa ta fara rikicewa, ko barci ya rinjaye shi har ana tashinsa da ƙyar, wannan na asibiti ne nan take, kuma a sanar da su kafin a iso. In akwai 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini, maki 91 zuwa 94 na nufin a tuntuɓi likita, 90 zuwa ƙasa kuwa gaggawa ce. Idan gwaji ya tabbatar, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2021 ita ce killacewa ta kwana 10 daga ranar da alamu suka fara, a ƙara kwana 3 da babu zazzaɓi ko tari.

Waɗanda suka biya na jibi a kira su yau, a gaya musu gidan ba zai samu ba saboda dalilin lafiya, a mayar musu da kuɗinsu ko a nema musu wani. Sunan mara lafiya da hotonsa ba na zauren WhatsApp na unguwa ba ne, jami'an lafiya kaɗai ke da hakkin sani, su ma za su nemi sunayen waɗanda suka yi hulɗa da shi, shi ya sa kowane gidan baƙi ya kamata ya riƙe littafin da ake rubuta sunan baƙo da lambar wayarsa da ranar shiga da fita. Kuɗin ƙarin kwanaki kuwa, ka shawo kan mai gidan ya yi rangwame. Baƙon da ya san za a ninka masa haya ko a kore shi idan ya ce ba shi da lafiya, zai sha farasitamol ya yi shiru, kai da mai shara ku ne za ku fara ɗauka. Bayan ya tafi, a bar ɗakin a buɗe sa'o'i 24 kafin kowa ya shiga gyara.

TAMBAYA: Kuna ta cewa a buɗe taga, alhali ga sanyi ga ƙura, da bazara kuma baƙi don na'urar sanyaya ɗaki suke biya. Ba ita ma tana tace iska ba? Daga wani mai gida a Ƙofar Marusa.

AMSA: Alhaji, irin na'urar da ake maƙalawa a bango ba ta shigo da iskar waje, ta cikin ɗakin take zuƙa ta sanyaya ta maido, ragar da ke cikinta kuma ƙura take tarewa, ƙwayar cuta tana wuce ta. A watan Janairun 2020 a wani gidan abinci da ke birnin Guwanzu na ƙasar Sin, mutum 10 daga iyalai uku suka kamu, kuma teburansu suna kan hanyar iskar na'ura ɗaya. Iyali ɗaya da suka zo tare suna iya kunna ta a ɗakin kwanansu, amma falon da ake karɓar masu gaisuwa a bar tagarsa a buɗe ko da na'urar tana aiki, a kuma wanke ragar da omo duk lokacin da baƙi suka sauya. Da hunturu a buɗe sosai daga hantsi zuwa la'asar, da dare a bar 'yar kafa kamar faɗin tafin hannu a tagogi biyu, a ƙara bargo, ragar sauro ta taga kuma a tabbata ba ta yage ba.

Sai dai buɗe taga yana da sharaɗi, wato a duba inda janareto yake. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, wadda ke kashe mutane cikin barci, kuma a gidaje da yawa an ajiye shi ne a lungun da ke bayan tagar ɗakin kwana ko a cikin baranda don tsoron ɓarayi. A matsar da shi kimanin mita 6 daga kowace taga da ƙofa, bakin salansarsa yana kallon waje, a yi masa keji da kwaɗo. Kaskon gawayi da baƙi ke shiga da shi ɗaki don jin ɗumi irin wannan iskar yake fitarwa, don haka a gaya musu da baki ranar da aka ba su makulli, kada a dogara da takardar da aka liƙa a bango. Man tsabtace hannu ma yana kamawa da wuta, a nisanta shi da murhun gas. Gidan da ya yi makonni a rufe kuwa, kafin baƙo ya shiga a wanke tankin sama, a buɗe kowane famfo da shawa ruwa ya zuba na 'yan mintuna taga a buɗe, domin ruwan da ya daɗe kwance cikin bututu mai ɗumi yana tara ƙwayar da ke haddasa ciwon huhu idan aka shaƙi feshinsa wajen wanka.